SAURA NAWA?

Shafi na 23

Masu zagin Kalkuleta a ƙarƙashin shafin jiya, duk na gan ku, har da mai cewa da 'yarta ce da tuni ta ƙwace katin ta jefa a murhu. Ku ɗan sassauta. Ku karanta wannan tukuna, sannan kowa ya zaɓi wanda zai zaga.

*

Ƙarfe goma da rabi Umma ta fito daga banki da takarda shafi uku a hannu. Ta wuce mai gadi ba ta amsa gaisuwarsa ba, ita da ko kyanwar maƙwabta ba ta wucewa sai ta tanka mata. Ta tsallaka titi, ta raɓe a inuwar wani shago, ta sake buɗe takardar ko lambar ta canza a hanya.

Ba ta canza ba. Dubu hamsin da shida.

Ita kuwa dubu huɗu ta shiga da su. Ta naɗe su a gefen jaka tun jiya, da niyyar ta yi wa 'yarta kyauta, ta rufe ɗan abin da ya rage a katin bashin yarinyar, ta karɓi takarda mai sifili ta ajiye wa Abba, uban yarinyar, a gabansa da yamma. Har ta shirya irin kallon da za ta yi masa.

Da ta miƙa kuɗin ta ce a rufe, sai ma'aikaciyar ta dubi kwamfuta, ta dube ta, ta sake duban kwamfuta. Daga nan ta buga takardar, ta ɗauki biro ta ja layi biyu. Layin sama, in ji ta, shi ne abin da ya rage yarinya za ta iya kashewa, dubu huɗu. Layin ƙasa shi ne abin da banki ke bin ta.

Umma ta ce to. Ta ce ta gode. Ita kanta ba ta san yadda ta samu bakin godiya ba.

Wata shida ke nan cif da ta tsaya kai da fata a kan katin nan. Kalkuleta, 'yarta ta fari, shekara sha bakwai, ta samu gurbi a jami'ar da ke can wani gari, tafiyar yini guda a mota. Abba ya ce bai ga ta zama ba, akwai makaranta nan kusa da gida. Yarinyar da ko cefane ba ta taɓa riƙewa ba, ya za a sake ta ita kaɗai a garin da kowane lungu akwai mai miƙo mata bashi yana murmushi? Umma ta ce ai shi ya sa za a koya mata tun tana gabansu. Ta je banki ta sa aka yi wa yarinyar ƙaramin kati a ƙarƙashin nata, iyakarsa dubu sittin.

Abba mutum ne mai gyaran firji, bai iya dogon zance ba. Ya ce ya ji. Wata shida. In ta riƙe katin ba bashi a kansa, da kansa zai kai ta tasha. In ta kasa, almakashin Umma ne zai raba gardama, a datse katin, kuma maganar makarantar nesa ta mutu.

Yau wata shidan ya cika. Ƙarfe huɗu ya ce zai biyo ta shago.

*

Shagon labulen Umma ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Kekunan ɗinki biyu a jikin bango, teburin yanka a tsakiya, yadudduka jingine a kusurwa. Da ta shiga, ƙanwarta tana guga, wadda yaran gida ke kira Anti Ƙarama, Kalkuleta kuma tana durƙushe tana kalmasa bakin wani labule mai ruwan toka, allurai uku a bakinta.

Umma ta ajiye jaka. Ta cire mayafi ta ninke shi sau huɗu, abin da ba ta yi sai ranta ya kai maƙura. Anti Ƙarama na ganin ninkin ta zare wayar dutsen guga.

"Tofar da allurar nan," in ji Umma. "Zo nan."

Yarinyar ta taso tana share hannu a siket.

"Saura nawa?"

"Dubu huɗu, Umma."

"Dubu huɗun me?"

Umma ta matso kusa da ita.

"Na ce dubu huɗun me? Na biya, ko na kashewa?"

Kalkuleta ta dubi takardar da ke hannun uwarta, ta ga tambarin banki, sai leɓenta na ƙasa ya fara rawa. Wannan rawar leɓen ita ta fi ƙona wa Umma rai fiye da lambar. Da rashin sani ne zalla, da mamaki za ta gani a fuskar nan, ba tsoro ba.

"Ashe kin sani."

"Umma, wallahi da farko ban sani ba."

"Da farko. To ba ni labarin farkon, sai ki ba ni na ƙarshen."

Labarin farkon ai Umma ta san rabinsa, don da hannunta a ciki. A watan farko yarinyar ta same ta tana kuka, ta kashe dubu talatin, rabin katin, a kan takalmi da jaka da littattafan jarrabawa. Umma ta yi faɗa, ta yi faɗa, sannan ta ce a bar maganar tsakaninsu, kada Abba ya ji, ta riƙa biya da ɗan kuɗin da take samu a shago ranar Asabar. Ran nan ta tambaye ta saura nawa, yarinyar ta duba waya ta ce talatin. Kuma gaskiya ta faɗa ta kowace fuska: talatin ake bin ta, talatin suka rage ta kashe.

Daga ranar tambayar ta zama al'ada. Duk ƙarshen wata Umma na kan keke, ƙafa na taka feda, ko kai ba ta ɗagawa, sai ta jefa: saura nawa? Kalkuleta ta buɗe waya, ta karanto lambar da ke sama da manyan baƙaƙe. Ashirin da biyu. Sha biyar. Tara. Umma na jin lamba na sauka tana hamdala, bashi na narkewa. Ashe ramin ne ke ƙara zurfi.

Yarinyar ta ce ita kuma duk wata saƙo na zuwa da wata 'yar ƙaramar lamba, an rubuta a biya kafin ashirin da biyar ga wata. Ba ta taɓa bari ranar ta wuce ba. Tana biya, waya na ce mata an gode. Ta ɗauka ita ke nan ta sauke nauyin watan.

"Wannan mafi ƙanƙantar abin da za su karɓa ne don kada su rufe miki ƙofa," in ji Umma. "Sauran kuwa su zuba masa ruwa ya kwana. Yaushe kika gane?"

Kalkuleta ta sunkuyar da kai.

"Ranar sha biyar."

"Wace ranar sha biyar?"

"Ranar da na ce saura sha biyar. Kika tsayar da keke, kika rungume ni, kika ce na ci rabi, na kusa gamawa. A nan na gane ba abu ɗaya muke nufi ba."

"Wata uku ke nan."

"Eh."

"Wata uku kina kallon idona."

"Kin yi farin ciki, Umma. Har kika kira Anti kika gaya mata. Na kasa. Na ce zan gyara kafin ki gane, sai kuma..."

Sai kuma me? Umma ta baje takardar a kan teburin yanka tana neman babban abu. Har ga Allah so ta yi ta ga wata ƙatuwar ɓarna guda ɗaya, waya ko sarƙa, abin da za a kama a mayar wa mai shi. Babu. Data ɗari takwas. Kuɗin mota dubu da ɗari biyu. Lemo da biskit. Data. Gudummawar kyautar wata ƙawa. Data kuma. Wani darasin lissafi na waya da ta yi rajistarsa a wata na biyu, ta manta da shi, shi bai manta da ita ba, duk wata sai ya zo ya ɗebi nasa. A ƙarshen kowane shafi kuma ga kuɗin ruwa zaune, kowane wata ya fi na baya ƙiba.

Yarinyar da tun tana aji uku take gyara wa mai kanti canji, har unguwa ta laƙaba mata Kalkuleta. Lissafi bai kayar da ita ba. Kalma ɗaya ce ta kayar da su, ita da uwarta.

*

Anti Ƙarama ta ja Umma bayan yadudduka, tana magana ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan da har mai shagon gaba zai iya ji. Ta ce a daina wahalar da rai. Kafin alƙalamin da mutanen otal suka kawo jiya na labule ashirin yana nan cikin durowa, dubu saba'in. Yanzu ƙarfe sha ɗaya da ɗan abu. A ɗauki hamsin da shida a zuba, saƙo ya shigo da sifili, a nuna wa Abba waya. Shi da bai damu da takarda ba, sifilin kawai zai duba. Daga baya a san yadda za a yi da yadin otal.

"Yaya, makarantar yarinyar nan fa ake magana. Kin san mijinki, in ya ce ya yanka, ya yanka."

Umma ba ta ce a'a nan take ba, kada in yi muku ƙarya. Ta je har gaban durowar. Ta jawo ta. Ga kuɗin nan a ɗaure da roba, sababbi, suna kallonta. Ta tuna yadda yarinyar ta yi tsalle a tsakar gida ranar da sunanta ya fito, ta tuna ita kanta da ta so karatu ba ta samu ba. Zuciyarta ta ce ɗauki, wa zai sani?

Ta waiwaya. Kalkuleta na tsaye a inda aka bar ta, hawaye sun tsaya, ido na kan durowar. Akwai wani haske a idon, hasken wanda ya hango an zo ɗaukar masa kaya.

Wannan hasken ne ya sa Umma ta tura durowar da gwiwa, ta murɗa makulli.

"A watan farko na rufa miki asiri, ga inda ya kawo mu," ta ce. "In na sake rufawa yau, abin da na koya miki shi ne duk ramin da kika haƙa akwai mai cikewa. Can inda za ki babu ni, babu durowa."

"Yaya!"

"Ke kuma koma kan gugarki. Kuɗin mutane ne, da su zan sayo yadin mutane."

Anti Ƙarama ta koma tana ƙunƙuni, wai wasu iyayen zuciyarsu ta fi dutsen guga tauri. Umma ta yi kamar ba ta ji ba. Ta share tarkacen yadi daga teburin, ta jawo kujeru biyu, ta ɗauko littafin awo ta juya bayansa inda babu rubutu.

"Zauna. Abin da ya kamata mu yi wata shida da suka wuce, yau za mu yi shi."

Suka bi takardar layi-layi. Umma ba ta bar ko ɗari biyu ta wuce ba, kowanne sai yarinyar ta faɗi abin da ta saya da bakinta, ta kuma faɗi ko da kuɗi ne a tafin hannunta za ta saya. Yawanci amsar a'a ce. Ta ce da kati ba ka jin fitar kuɗi, ƙara kawai na'ura ke yi, ƙit, shi ke nan. Umma ta ce ai don haka aka yi shi da santsi.

Ta sa ta kashe darasin nan na waya a gabanta. Ta sa ta nuna da yatsa lambar da ake bin ta, ta nuna lambar da ta rage, ta sake nunawa, har sau uku, kamar mai koyon baƙaƙe. Ta gaya mata dubu sittin ɗin nan ba nata ba ne, ba su taɓa zama nata ba. Aro ne. Wanda ya mayar da aro duka kafin ranar da aka yanka, ruwa ba ya taɓa shi. Wanda ya biya 'yar ƙaramar lamba ya tafi yana murna, shi ne abincin banki.

Sannan ta tura mata biro.

"Ke ce Kalkuleta. Fitar da kanki."

Yarinyar ta ja hanci, ta fara rubutu. Jarrabawa ta ƙare, yanzu ba Asabar kaɗai ba, kullum za ta iya zuwa shago. Umma ta ce za ta biya ta yadda take biyan kowace mai kalmasa, dubu huɗu a mako, ko sisi ba za ta ƙara don 'yarta ce ba. Sha shida a wata. Kalkuleta ta rage, ta ɗora ruwa a kan abin da ya saura, ta sake ragewa. Tun a layi na biyu biron ya kama gudu. In dai lamba ce, a gidansu take.

"Wata huɗu," ta ce. "In ban taɓa katin ba ko sau ɗaya."

"To haka za ki gaya masa."

"Ni?"

"Da bakinki. Ni ma ina da nawa da zan gaya masa."

Daga nan kowa ya koma kan aikinsa, in aiki za a kira shi. Umma ta ɗinka labule ɗaya ta farke shi sau biyu. Abincin rana ya huce a leda ba wanda ya buɗe.

*

Huɗu saura minti biyar suka ji tsayuwar babur ɗinsa. Umma ta san ƙarar ko cikin barci.

Sai dai bai shigo da jakar kayan aikinsa ba. Da baya ya turo ƙofar, yana jan wani abu mai taya. Akwati ne. Sabo fil, shuɗi, ledarsa ba a cire ba, takardar kanti na lilo a mariƙinsa.

Abba da ba ya dariya sai da dalili, yau har haƙoransa na waje. Ya ce tun makon jiya da Umma ta gaya masa ƙiris ya rage yarinya ta wanke katinta tas, ya san an ci shi wasa. Mutum in an kayar da shi, gara ya faɗi da kyau. Ya zagaya kanti uku kafin ya samu mai ƙwarin taya, don ya ji hanyar ɗakunan kwanan ɗalibai duk tsakuwa ce.

Anti Ƙarama ta juya fuska bango.

Ya jingine akwatin jikin tebur, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To, Kalkuletar Abba. Na ji tambayar da uwarki ke miki kullum, bari ni ma in ɗana. Saura nawa?"

Yarinyar ta dubi akwatin. Ta dubi uwarta. Umma ta kafe idonta a kan allurar keke, ta cije baki. Duk jikinta so yake ta amsa mata, amma ta riƙe.

"Wanne, Abba?"

"Wanne kamar yaya?"

"Na kashewa dubu huɗu ne. Wanda ake bi na, dubu hamsin da shida."

Dariyar ba ta bar fuskarsa lokaci ɗaya ba, a hankali ta sauka. Kalkuleta ba ta tsaya ba. Ta faɗi na takalmi, ta faɗi na data, ta faɗi 'yar ƙaramar lamba, ta faɗi ranar sha biyar da wata ukun da ta yi tana ƙarya da shiru. Ba ta ɗora wa kowa ba. Da ta gama ta zaro katin daga bayan wayarta ta ajiye a tebur, ta tura masa littafin awo.

Abba bai taɓa littafin ba. Hannunsa almakashi ya nufa, babban nan na yankan yadi.

Umma ta riga shi. Ta ɗora tafinta a kai, da ɗaya hannun ta buɗe jaka, ta ciro nata katin ta ajiye kusa da na 'yarta.

"Tun watan farko na san ta ci talatin, na ɓoye maka. Na ba yarinya kati, ban taɓa zama na karanta takarda da ita ba. Kalma biyu nake jefa mata ina taka keke, na kira shi tarbiyya. In yanka ne, fara da nawa."

"Ɗauke hannunki."

"Zan ɗauke. Amma ka sani, ko ka yanka shi gida goma, hamsin da shidan nan na nan. Kuma wata rana wani zai ba ta wani katin, ba ka kusa, ba na kusa."

Ta ɗauke hannun.

Ya ɗauki almakashin. Da ɗaya hannun ya jawo littafin awo, ya bi lambobin da ido tun daga sama har ƙasa, yadda yake bin waya in yana neman inda wuta ta tsinke. Ya daɗe. A waje wata mota ta yi ta hon ba wanda ya kula.

"Lissafin nan daidai ne," ya ce. "Wata huɗu."

"Eh, Abba."

"Makaranta kuma saura wata uku."

Duk zaman da suka yi kan takardar nan, Umma da yarinyar, babu wadda ta tuna da kalanda.

Abba ya ɗauki ƙaramin katin, ya buɗe bakin almakashi, ya sa shi a tsakiya.

"Ba na kai mai bashi tasha. Kuma kada uwarki ta sa sisi, kada antinki ta sa. Gaya mini inda za ki samo wata ɗayan nan kafin in rufe hannuna."

Kalkuleta ta dubi Umma. Umma ta girgiza kai kaɗan: ba ni da shi, kuma ko ina da shi ba zan ba ki ba.

Yarinyar ta dubi akwatin shuɗi. Ta dubi katin a bakin ƙarfe. Sannan ta dubi abin da ke hannunta, wayar da ta yi shekara biyu tana roƙo kafin a saya mata, wadda ko wanka za ta shiga sai ta jingine ta a taga.

Ta zare layin wayar da allurar kalmasa. Ta goge fuskar wayar da gefen siket, ta ɗora ta a kan teburin yanka, ta tura ta gaban mahaifinta da yatsu biyu.

"A tambayi mai gyaran waya na bakin titi nawa zai saya."

Almakashin na nan a buɗe a hannun Abba.